Wane baƙin mai ya dace da tsohuwar Hilux mai injin 22R?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura Toyota Hilux ƙirar 1994 mai shan fetur, injinta 22R. Da ita nake ɗauko masara daga Dandume da Bakori zuwa Funtuwa, wani lokaci har Dawanau. Mitarta ta tsaya tun tana kan 340,000 da wani abu. Yanzu tana rage baƙin mai kusan lita guda a tafiyar kilomita 1,500, kuma da safe in na tayar da ita ina jin ƙara kamar ana jan sarƙa, zuwa can sai ta yi shiru. Bakanikena ya ce in koma SAE 50 mai kauri, in riƙa ƙarawa da gwangwanin tiritmen. Ɗana kuma ya ce ya gani a intanet 5W-30 sintetik ya fi kowane mai. Wa zan bi a cikinsu?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi ko ɗaya a cikinsu, ko da yake kowanne ya riƙo wani gefe na gaskiya. Motar da ka kwatanta, mai ɗaukar kaya a zafin ƙasar Katsina kuma tana rage mai, 20W-50 na gaske take so, wanda aka rubuta API SL, wato alamar matakin ingancin man, ko sama da haka a jikin galan ɗin. Idan an auna ƙarfin bugun man an ga injin bai sake sosai ba, 15W-40 irin na manyan motoci, mai ɗauke da CI-4/SL, ya ma fi min. Sai dai ƙarar nan ta safe ta fi damuna a kan zancen man baki ɗaya, zan zo kanta.

Bari mu fara da lambobin, don a nan ake yawan ruɗa mutane. Wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara su, kuma abu guda suke nunawa: kaurin man. Ba sa faɗin kyansa ko muninsa. A 20W-50, lambar ƙarshe, wato 50, kaurin man ne lokacin da ya yi zafin digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kusan zafin da yake kaiwa in injin yana tsakar aiki. Lambar farko mai W kuwa tana nuna yadda man yake gudu in yana da sanyi. W ɗin daga kalmar Turanci ta lokacin sanyi aka ɗauko ta. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, 5W kuma a 30. Kai da kake Funtuwa ba za ka taɓa ganin irin wannan sanyin ba, ko a tsakiyar hunturu. Abin da zai amfane ka a nan shi ne ka gane cewa SAE 50 zalla da 20W-50 kaurinsu ɗaya ne idan injin ya yi zafi. Da safe ne suke rabuwa. Na farkon yana kwana ya yi kamar zumar da ta sha sanyi, na biyun kuwa yana gudu. Saboda haka duk kaurin da bakanikenka yake nema a SAE 50, yana nan a 20W-50, kuma ba tare da an bar injin yana juyawa da ƙishirwa a daƙiƙun farko ba.

Bakaniken naka ba shirme ya faɗa ba da ya ce a ƙara kauri. Karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ba ya taɓa metal ɗinsa, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, in inji yana lafiya, a kan ɗan siririn shimfiɗin mai yake shawagi. A sabon 22R tazarar da ke tsakaninsu daga 0.025 ce zuwa 0.055 na milimita, ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Bayan shekara 30 na lodi da ramuka, tazarar ta buɗe. Man da famfo ya turo sai ya riƙa tserewa ta gefe da sauri, bugunsa ya faɗi, musamman in ka iso gari bayan doguwar tafiya injin yana sulo. Mai mai ɗan kauri yana jinkirta wannan tserewar. Har nan muna tare da shi. Inda muka rabu shi ne tunanin cewa in kauri kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Baƙin mai ba shafawa kaɗai yake yi ba, shi ke kwashe zafi daga metal da ƙasan fistin ya kai kasko ya huce. Wanda ya yi kauri fiye da kima yana tafiya a hankali, zafin da yake kwashewa kaɗan ne, kuma yana daɗewa kafin ya hau saman inji inda kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yake. A 22R kamshaf ɗin a can sama yake, shi ne na ƙarshe a layin rabo.

Ɗanka shi ma ya karanta gaskiya, amma gaskiyar wata motar. Injinan zamani an yi su ne don siririn mai, 5W-30 har 0W-20, saboda a rage shan fetur. Littattafan Toyota na zamanin motarka suna ɗauke da jadawalin da ke haɗa kaurin mai da yanayin gari, kuma wuraren sanyi suka ware wa 5W-30. Ga ƙasa mai zafi akwai su 15W-40 da 20W-50 a jadawalin. Idan ka zuba 5W-30 a injin da ya riga ya sake, ka ɗora buhu goma sha biyar ka hau titi a watan Afrilu, shan man zai ƙaru, kuma kana iya ganin fitilar mai tana ƙyaftawa a sulo.

Maganar sintetik kuwa, ina so in wanke shi daga wani ƙazafi. Ana cewa yana cinye oyil-sil yana sa tsohuwar mota yoyo. Na yanzu ba ya cin roba. Abin da ke faruwa shi ne, a injin da ya tara datti, wani lokaci dattin ne ya liƙe tsagar da ke jikin busasshen sil, in mai mai wanki sosai ya zo ya ɗauke shi sai yoyon ya bayyana. Dalilina na hana ka shi na aljihu ne. Fa'idar sintetik ita ce jure zafi da daɗewa bai lalace ba. Kai kuwa motarka mai kafireto ce, kullum tana ɗan sako fetur cikin kasko, ga ƙurar hanyoyin ƙauye, ga lita guda da take ƙonewa duk kilomita 1,500. Dole ka juye man tun kafin ka ci moriyar tsadarsa. Kuɗin galan ɗaya na sintetik ya kusa yi maka juye biyu da mai na yau da kullum, kuma juye biyun nan sun fi wa injinka amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu ƙarar safe. Injin 22R da sarƙa yake juya kamshaf, kuma abin da ke ɗame sarƙar, tenshona, da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Kafin mai ya iso gare shi sarƙar a sake take, tana dukan gefenta. Wannan ce ƙarar da kake ji, kuma shirun da take yi alama ce man ya iso. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne a tsohon inji. In ta wuce haka, abu uku nake zargi. Ko man ya yi kauri da yawa, ko filtar man ce, ko sarƙar da madogaranta sun gaji. Filtar 22R a kwance take a gefen inji. Ta kirki tana da wata roba a ciki da ke hana mai zurarewa ya koma kasko in an kashe mota. Ta araha ko dai ba ta da robar, ko ta bushe cikin mako biyu, sai kullum da safe famfo ya fara cika filta tukun kafin ya kai ga inji. Na sha kashe wannan ƙarar da canjin filta kawai.

In an sa filta mai kyau da man da ya dace ƙarar ba ta tafi ba, to a buɗe murfin saman inji a haska tocila ta gaba, a duba madogaran sarƙar. A 22R na shekarun motarka na roba ne, kuma an san su da karyewa. Idan na gefe guda ya karye, sarƙar tana ci gaba da gugar murfin gaban inji, wanda na alminiyam ne, tana sassaƙarsa kaɗan-kaɗan har ta ɓula hanyar ruwa da ke bayansa. Ran da ta ɓula, ruwan lagireto zai gangara cikin kasko. Za ka zaro geji ka ga mai ya koma kamar shayi mai madara, mutane su ce maka gasket ne ya ƙone, a canja gasket, gobe a sake ganin madara. Gutsattsarin robar da ta karye kuma suna faɗawa kasko su taru a bakin rariyar famfon mai. Ka ga ke nan da ka bi shawarar SAE 50 da tiritmen, ka ƙara wa tenshonan jinkiri ne a daidai lokacin da ya fi bukatar mai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Tiritmen ɗin nan, yawancinsa abin ƙara kauri ne kawai. Ka tsoma sukundireba a ciki ka ɗaga, za ka ga yana bin ta kamar ƙaro. Yana rage hayaƙi na ɗan lokaci, yana danne ƙarar metal, shi ya sa wasu dillalai ke ƙaunarsa ranar da za su nuna mota. Ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye. Mai na kirki ya zo da sinadaransa a auna, ba ya neman ƙari.

Abu na biyu da za ka duba a jikin galan, bayan lambar kauri, shi ne haruffan API, wata cibiyar harkar man fetur ta Amurka. Waɗannan su ke nuna ƙarfin sinadaran da ke cikin man: masu wanke datti, masu hana tsatsa, masu hana ƙarfe cin ƙarfe. Masu farawa da S na injin fetur ne, masu farawa da C na dizal. Harafi na biyu yana hawa da zamani. Lokacin da aka ƙera motarka SG da SH ake yayi. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Sabo yana maye gurbin wanda ya riga shi fitowa, don haka SL ya riga ya wuce abin da Toyota ta nema wa 22R. Wanda za ka guda shi ne mai ɗauke da SA ko SB ko SC, ko wanda babu harafin komai a jikinsa sai hoton mota mai sheƙi. SA ba shi da sinadarin kariya ko kaɗan.

Akwai wani ɗan zance a nan da ya shafi tsofaffin injina musamman. A cikin baƙin mai akwai sinadari mai zinki da fosfaras, ana ce masa ZDDP, wanda ke yin wani ɗan sulke a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe da ƙarfi. A 22R, kamshaf yana goga kansa ne kai tsaye a kan rokoki, babu ɗan taya a tsakani kamar na injinan yanzu, don haka yana son wannan sinadarin. Amma fosfaras yana lalata matatar hayaƙi da ke cikin salansar motocin zamani, shi ya sa tun daga SM aka rage shi zuwa kashi 0.08 cikin ɗari a siraran mai irin su 5W-30 da 10W-30. Wannan iyakar ba ta hau kan 15W-40 da 20W-50 ba. Wani dalili ke nan da ya sa masu kaurin suka fi dacewa da motarka, kuma shi ya sa nake son man manyan motoci, dangin su Delvac da Rubia da Rimula, matuƙar an rubuta harafin S a gefen na C, kamar CI-4/SL. In C kaɗai ka gani, ka bar wa masu dizal kayansu.

To tsakanin 15W-40 da 20W-50, ta yaya za a yanke? Da awo ake yankewa, shekarun mota ba sa yanke wannan. Na ga 22R da ya haura naka tafiya yana riƙe da bugun mai kamar sabo don mai shi bai taɓa wasa da juye ba, na kuma ga wanda aka yi wa aiki bara ya riga ya sake. Ka sa a kwance suwic ɗin fitilar mai a ɗaura agogon awo a gurbinsa. A yi awon bayan motar ta yi tafiyar aƙalla rabin awa, don awon inji mai sanyi yaudara ce, kowane inji jarumi ne da safe. Littafin gyaran Toyota ya ce a sulo kada ya gaza 0.3 na kilo a kan murabba'in santimita, a juyi 3,000 a minti kuma ya kasance tsakanin 2.5 da 5.0. Idan da 15W-40 kana samun 3 zuwa sama a juyi 3,000, sulo kuma yana kusa da 1, zauna a kansa. In yana lilo a bakin 2.5, koma 20W-50. In da 20W-50 ɗin ma bai kai ba, zancen ya bar hannun mai sayar da mai, ya koma na metal da famfo. Kada ka dogara da fitilar dashbod, ba ta kamawa sai bugun ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Idan babu mai agogon a kusa da kai, ɗauki 20W-50 kai tsaye, da irin shan man da ka faɗa ba za ka yi kuskure ba.

Litar nan da ke ɓacewa ma ya kamata a san inda take zuwa, don ba kowace ɓacewa ce kauri ke ragewa ba. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar mota ba ta rasa ɗan gumi, amma in ka tarar da tabo kamar faɗin tafin hannu, to rabin man a ƙasa yake ƙarewa. A wannan injin a duba sil ɗin gaban karanshaf da ke jikin famfon mai, da robar murfin sama tare da 'yan robobin nan masu siffar rabin wata a gabansa da bayansa, da sil ɗin baya wajen kuloci. Idan kwalin ya kwana a bushe, ƙonewa yake yi. Sa yaro ya tsaya a baya ya kalli salansa. Shuɗin hayaƙi da safe, ko bayan ta daɗe a sulo ka taka, ko bayan gangara, sannan ya ɗauke, wannan robobin bawul ne suka bushe, aiki ne mai sauƙin kuɗi. Hayaƙin da ke ƙaruwa in ka taka da lodi a hawa, wannan ringi ne. Awon kwamfireshan zai tabbatar: lafiyayyen 22R yana ba da wajen kilo 12 a kan murabba'in santimita, kuma ƙasa da 10 ya fita daga ƙa'ida. Kafin duk wannan, a ciro ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin sama, PCV, a girgiza shi. In bai yi ƙara ba, to ya toshe, kuma toshewarsa kaɗai tana sa inji tura mai ta kowace kafa. 

Duk abin da na faɗa a sama ya rataya ne a kan abu guda, wato abin da ke cikin galan ɗin ya zama shi ne abin da aka rubuta a bayansa. A aikina, injinan da jabun mai ya kashe sun fi waɗanda kuskuren lamba ya kashe yawa. An taɓa jawo min wata a-kori-kura da igiya, mai ita yana rantsuwa duk wata yake juye. Da muka ɗaga murfin sama, rokokin ba sa ganuwa, wani baƙin abu ya lulluɓe su kamar kwaltar da aka bari ta huce. Da cokali yaro ya riƙa kwasa yana zubawa a kwano. Da muka sauke kasko, rariyar famfon ta toshe saura 'yar kafa kamar ƙwayar gero. Na tambaye shi inda yake sayen mai, ya ce a bakin tasha, a gorar ruwa ake auna masa, kuma shi da kansa yake taɓawa ya ji yauƙinsa kafin ya biya. Juyen da yake yi duk wata gaskiya ne. Abin da ake zuba masa ne ɗanyen mai da ba a haɗa shi da sinadari ko ɗaya ba, wani lokaci ma tsohon mai ne da aka tace aka sake masa launi.

Yatsa ba ya gane mai, Alhaji. Ni da na shekara da shekaru hannuna a cikinsa ba zan iya bambance SL da ɗanyen mai ta hanyar murzawa ba, kuma duk wanda ya ce maka yana iyawa, kauri kawai yake ji. Ka saya a gidan mai na kamfanin ko wurin dilansu da aka sani. Ka duba hatimin murfi bai taɓu ba, ka duba lambar rukuni da ranar da aka yi shi an buga su da inji, in na gida ne ka nemi tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Farashin da ya faɗi ƙasa da na ko'ina da yawa, ka san araha ba ta ado. Ka tsaya a buɗe galan ɗin a gabanka a zuba a gabanka. In ya ƙare ka huda shi kafin ka yar, ko ka kai gida a yanka a yi wani amfanin da shi, don galan mai kyan gani da aka tsinta a gareji shi ne jarin masu jabu. Kamfanonin da ke haɗa mai a nan gida akwai masu kyau a cikinsu, ba sai na waje ba.

Idan aka buɗe murfin naka aka tarar da irin wannan dattin, kada ka yarda a wanke injin da kananzir ko gas ana tayar da shi. Dattin da ya shekara goma yana zaune zai ɓalle gaba ɗaya ya tafi rariya, gyaran gangar Abzinawa ke nan. A kwashe na sama da hannu, a sauke kasko a wanke shi da rariyar a waje, sannan ka yi juye biyu ko uku a jere a kan kilomita 1,500 kowanne, da sabuwar filta duk lokacin. Mai mai kyau zai ci sauran a hankali.

Bayan nan, lokacin juye. A da ana cewa kilomita 5,000, kuma ga motar da ke bin kwalta ba lodi hakan daidai ne. Aikinka kuwa shi ne wanda littafi ke kira mai tsanani: ƙura, nauyi, zafi, tsayuwa a sulo a bakin kasuwa. Ni zan ce kilomita 3,500, ko wata uku, duk wanda ya riga zuwa, kuma filta tana tafiya tare da man kowane karo. Ƙarin da kake yi a hanya ba ya zama juye, dattin yana nan a ciki, ka dai tsarma shi ne. Tunda mitar ta mutu, mafi sauƙi a canja wayarta, yawanci ita ce ke tsinkewa. Kafin nan ga dabarar da nake ba direbobi: ka riƙa rubuta fetur ɗin da kake sha. Irin motarka da kaya tana yin kilomita 7 zuwa 8 a lita, don haka in ka ƙona lita 450 zuwa 500 tun juyen baya, lokaci ya yi. Injin yana cin lita 4 da ɗoriya in an haɗa da filta, galan mai lita 4 ba ya cika shi, ka sayi ƙarin lita ɗaya, ragowar ta zauna bayan kujera don ciko. A tsaya a layin sama na geji. Cikawa fiye da haka ba ƙauna ba ce, karanshaf zai riƙa kaɗa man yana kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi.

Kada baƙin da man ya yi ya tsorata ka. Mai mai wanki dole ya yi baƙi, alama ce yana riƙe da dattin a jikinsa maimakon ya bar shi a bangon inji. Wanda ya yi wata biyu a tsohon inji yana nan garau kamar man gyaɗa, shi ne abin zargi. Abin da za ka riƙa yi shi ne shinshina gejin. In kana jin warin fetur sosai, ko ka ga man yana ƙaruwa maimakon raguwa, fetur ne ke shiga. Ko kafireto na ambaliya, ko robar famfon fetur, wanda a 22R a jikin kan silinda yake, ta yage tana zubarwa ciki. Fetur yana tsinka 20W-50 ya mayar da shi kamar ruwa, kuma a wannan halin komai tsadar man da ka saya bai daɗa ka da komai ba.

Sai abu biyu da ba a sayar da su a galan amma suna yanke wa mai hukunci. Na farko matatar iska. A hunturu, hanyar Dandume kaɗai ta isa ta cika ta cikin mako biyu. Duk ƙurar da ta wuce ta, ko ta bi ta tsagar murfin da bai zauna daidai ba, tana haɗuwa da mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ita ce ke cin ringi. A kakkaɓe ta duk mako, a canja ta in ta huje, kuma kada a hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage. Na biyu tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi. Na san da wuya a ce naka yana nan, don abu na farko da ake cirewa ke nan in mota ta shigo ƙasar nan, wai ai mu ba mu da sanyi. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asuba a watan Janairu, kuma sai man ya yi zafi sosai ne fetur da raɓar da suka shiga cikinsa ke ƙonewa su fita. In mota tana zafi, a wanke lagireto a duba fanka da famfon ruwa, a mayar da tamostat wurinsa.

Ga masu irin motarka amma ta dizal, mai inji 2L ko 3L ko 5L, amsarsu ta fi gajarta: 15W-40 mai CH-4 ko CI-4, kuma su kada su kusanci man da S kaɗai ke jikinsa, don ba zai iya da baƙin toka da tsamin da dizal ke saukarwa ba. Nasu yana yin baƙi ƙirin tun ranar juye, haka yake. Masu Peugeot 504 a-kori-kura irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna kuwa, 20W-50 ɗin nan dai shi ne nasu.

Kai dai a wannan makon ka sayi 20W-50 mai SL daga hannun da ka yarda da shi, da filta ta asali ko da ta ninka ta kasuwa kuɗi. Ranar juyen, tun da mota na gareji, a ɗaga murfin sama a haska madogaran sarƙar, a girgiza PCV, a ɗaura agogo bayan an zaga da ita ta yi zafi. Ka rubuta abin da agogon ya nuna a sulo da kuma a juyi 3,000, ka ƙirga daƙiƙa nawa ƙarar ke yi washegari da safe. In ka tarar da madogarin sarƙar ya karye, kada ka ɗora mata ko buhu ɗaya zuwa Dawanau sai an canja shi tare da sarƙar da tenshonan, an kuma sauke kasko an tsince gutsattsarin.